Akwatin garwashi a zanen Vermeer ya ɗaure min kai

Salamu alaikum. Ina sharhi kan zanen Vermeer, mai zane ɗan ƙasar Holland, na wajen 1660, 'yar aiki mai tsiyayar madara, wanda ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Na rubuta cewa natsuwa da mutuncin aiki yake nunawa: haske ta taga, gutsattsarin burodi, madara na zuba siririya. To ga akwatin garwashin ɗumama ƙafa a ƙasa, ga hoton Cupid, gunkin soyayya na Romawa, a tayil kusa da shi. Na bi sharhin masana, kansu a rabe: wasu sun ce alamar sha'awa ce, wasu kuwa maganin sanyi kawai. Malaminmu ya mayar min da takardar, wai babu hujja.

Don Allah, yaya ake bambance abin da mai zane ya sa da manufa da kayan ɗaki kurum?