Neman shawara: zan yi hawan Sallah karo na farko, dokin kuma bai taɓa shiga gari ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina zaune a Bauchi, wajen Ƙofar Wunti. Bana an sa ni cikin tawagar hakiminmu a hawan Ƙaramar Sallah, saura mako shida. Na sayi ingarma ɗan shekara biyar daga ƙauye. Lafiyarsa ƙalau, sai dai ba shi da ƙiba, kuma bai taɓa taka kwalta ko jin ƙarar bindiga ba. Na iya hawa, amma ban taɓa shiga taro a kan doki ba. Me zan ba shi ya murmure kafin lokacin? Wane kaya ne dole? Me zan kiyaye ranar hawa? Allah ya saka da alheri.

Likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe dawaki gab da Sallah shi ne gaggawar a ƙibantar da su. Mai doki ya ga lokaci ya ƙure, sai ya cika masa kwarya da gero safe da yamma. Cikin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai. Hatsin da ya yi yawa yakan wuce hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, sai ciki ya kumbura. Wani lokacin kuma ya sauka a kofato: ƙafafun gaba su yi zafi, dokin ya riƙa jingina baya yana ƙin takawa. Wannan ba ya warkewa cikin mako shida.

Dawakinmu na nan yawanci kilo 300 ne zuwa 350. Irin wannan yana buƙatar ciyawa da harawa kilo 5 zuwa 7 a rana, su ne tushen abincinsa. Hatsi da dusa ƙari ne kawai. Ka fara da rabin kilo sau biyu a rana, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana goma, kada ciyarwa ɗaya ta wuce kilo ɗaya da rabi. Ka auna da sikeli ko sau ɗaya ne, don mudun wata kasuwa ba na wata ba ne. Harawa kuma ka buɗe damin ka shinshina kafin ka biya. In ta yi baƙi-baƙi ko tana warin ruɓa, bar ta.

Abincin kaji na buhu kada ya kusanci bakinsa ko da wasa. Wasu suna ɗauke da maganin da ake sa wa kaji don ciwon hanji, wanda guba ne ga doki, yana lalata masa zuciya.

A makon nan a ba shi maganin tsutsar ciki daidai nauyinsa, a yi masa allurar rigakafin tetanus (cutar da ke shiga ta rauni ta sandarar da jiki), a duba haƙoransa. Gyaran kofato a yi shi saura mako biyu, kada a bari sai jajibere, domin kofaton da aka yanke sabo yana jin zafin kwalta.

Baffa mai barga:
Ɗana, likita ya gama maganar ciki, ni zan yi ta hankali. Dokin ƙauye ba gudu ne matsalarsa ba, firgita ce. Ranar hawa akwai tambura da kakaki da algaita, ga 'yan bindiga, ga guɗar mata, ga laima da tutoci suna kaɗawa a gefen idonsa. Duk abin da zai gamu da shi ranar, sai ya riga ya san shi.

Makon farko ja shi za a yi da ragama, ba hawa, a bi da shi bakin titi ya ga mota da babur da Keke Napep. Mako na biyu ka fara kilisa, tafiya da sassarfa na minti talatin, a kan ƙasa tukuna. Tunda azumi zai same ka a tsakiya, ka mayar da kilisar bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, ku duka biyu za ku fi jin daɗi. Daga mako na uku a samo makaɗi ya tsaya nesa yana kiɗa lokacin da dokin ke cin harawa, kullum a matso kaɗan. Bindiga ita ce ta ƙarshe, kuma ba kai za ka harba ba. Ka kai shi inda 'yan bindigar fada ke gwaji, ka tsaya can nesa kusa da tsohon dokin da ya saba. Doki daga ɗan'uwansa yake koyo. In ya ga tsohon bai ɗaga kunne ba, shi ma zai kwantar da hankali. In ya zabura kada ka dake shi, sai ya haɗa ƙarar da dukan, gobe ya fi na yau.

Sannan ingarma ne. Ka tambayi wanda ke tsara tawagarku wa zai tsaya gabanka, wa zai tsaya bayanka, ku yi kilisa tare aƙalla sau uku. Ingarmun da ba su san juna ba harbi da cizo suke yi, kuma ƙafar mahayi ce ke karɓar harbin.

Hamma daga Gombe:
Maganar Baffa haka take ko'ina ake wasan dawaki. A Maroko suna da nasu da suke kira Tbourida: mahaya su jeru sahu ɗaya, su sako a guje, su harba bindigogi lokaci guda kamar harbin mutum ɗaya. Hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2021, hawan Sallah na Kano kuma ya shiga a 2024. Haka lamidai ke hawa a Garwa da Ngaundere a Kamaru, haka ake yi a Damagaram. Dokin da ke tsayawa cak a irin wannan wuri an daɗe ana saba masa. Don haka shawarata, bana kada ka shiga jahi, wato sukuwar gaisuwa gaban sarki. Ka yi tafiyarka cikin tawaga, ka yi jinjina, ka wuce. Sukuwa a tsaya tashi ɗaya gaban sarki aikin doki ne da mahayin da suka shekara tare.

Mai ɗinkin sirdi:
Ranka ya daɗe, kaya kashi biyu ne, na aiki da na ado, kuma mutane kan zuba kuɗi a na biyun su manta na farko. Na aiki su ne sirdi, zubka, majayi (ɗamarar da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki), linzami, ragama da likkafa. Jalala da ɗan ƙirji da adon goshi ana iya aro.

Sirdi a kan dokin ake gwada shi, ba a rumfa ba. In an ɗora an ɗaure, yatsu uku su shiga tsakanin gaban sirdin da tozon dokin. Bayan kilisa ka sauke ka duba bayansa. In gumi ya jiƙa ko'ina daidai, sirdin ya zauna. In ka ga wani wuri a bushe tsakiyar gumi, nan yake danna shi, nan miki zai fito. Sabon majayi da sabuwar igiyar likkafa suna miƙewa, don haka a yi mako biyu ana hawa da su. Ranar hawa ka ja majayi sau biyu: lokacin ɗaurawa, da kuma bayan an ja dokin ya ɗan taka, saboda yakan kumbura ciki sa'ad da ake ɗaure shi. Sirdin da ya juya da mahayi, galibi daga nan ne.

Kai ma ka sa cikakken kayanka ka hau ko sau biyu. Babbar riga da alkyabba suna kaɗawa a kwiɓinsa, wani dokin wannan kaɗai ya isa ya zabura. Takalminka ya riƙa shiga likkafa yana fita ba tare da maƙalewa ba.

Baffa mai barga:
An manta bayanin linzami. Irin namu mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai, hannun da bai ƙware ba yana fasa bakin doki da shi. In ka ga kumfa da jini, laifin hannu ne. Ƙaimi kuma ajiye shi a gida bana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baffa, na ji ana cewa ba a ba doki ruwa ranar hawa don kada ya yi nauyi, kuma in ya dawo da gumi sai ya huce tukuna. Haka ne?

Likitan dabbobi:
Baffa ya yi mini izini in amsa wannan. Hana shi ruwa kuskure ne babba, balle yanzu da Ƙaramar Sallah ke faɗowa a lokacin zafi. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, ranar aiki cikin rana ya fi haka. Ka bar masa ruwa har lokacin da za a ɗaura sirdi. Hatsi ne ake janyewa: a ba shi kaɗan awa uku kafin hawa, daga nan sai harawa. Jiran fitowar sarki kan ɗauki awanni, saboda haka ka sa yara biyu su bi ka da jarka da bokiti naka na kanka, kada ya sha a bokitin da dawaki da yawa suka sa baki, ta nan mura ke yaɗuwa. In an tsaya, sauka ka sassauta majayi ka nemi inuwa.

In kun dawo, cire kaya nan take, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, a ja shi yana takawa a hankali. Ruwan sha a ba shi rabin bokiti, a dakata minti goma, a ƙara, har ya ƙoshi. Ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki: in ta fi daƙiƙa biyu ba ta kwanta ba, jikinsa ya bushe. In yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana neman birgima, a ɗauke abinci a kira likita a daren, kada a ɗura masa komai ta baki, domin ɗurin kan faɗa huhu.

Hamma daga Gombe:
Zagage biyu sun ishe ka, manya waɗanda dokin ya san muryarsu, ɗaya a kowane gefe. Matasan da ba ka sani ba kada su shiga ayarinka da sanduna ko makami, duk abin da suka yi da sunan hakiminku za a rubuta. Kuma ka tuna hawa ba na yini ɗaya ba ne, akwai Hawan Daushe a gaba. Daren Sallah ka shafa bayansa da ƙafafunsa huɗu da tafin hannu. In ka ji kumburi ko zafi, ka je ka gaya wa mai tsara tawaga tun da dare, a nemo maka wani dokin ko a ɗauke maka hawan gobe.