Wani daraktan kamfaninmu zai zauna da ni: wa ya taɓa shiga irin wannan?

'Yar Fagge: Assalamu alaikum. A sashen bashi nake aiki a wani banki. Sakatariyar kamfani ta aiko cewa ɗaya daga cikin daraktocinmu, irin waɗanda ba su da hannu a aikin yau da kullum, yana son ganina mako mai zuwa. Ba a faɗi dalili ba, manajana kuma ya yi gum. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan zama ya ba ni haske.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Wannan mutum ba shi ke ba ki aiki ba, ba kuma shi zai kore ki ba. Aikinsa sa ido a kan shugabannin gudanarwa. Ki koma wurin sakatariyar ki tambayi wane kwamiti yake ciki, nan za ki gane inda tambayoyinsa za su dosa. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce kwamitin odit (mai binciken lissafin kuɗi) na kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki mutum biyar ne: uku daga masu jari, biyu daga irin waɗannan daraktoci. Wanda na zauna da shi ɗan wannan kwamiti ne. Na kwana ina haddace alƙaluman riba, bai ko leƙa su ba. Tambayarsa ita ce: idan manaja ya yi tafiya, wa ke sa hannu a fitar da kuɗi? Wanda ya shirya takardar biya, shi ne kuma yake amincewa da ita? A kan wannan muka ƙare zaman.

Hajiyar Ma'aikata: Ki sanar da manajanki a rubuce cewa an kira ki, ko da ya riga ya sani. Na ga inda zaman ya tafi lafiya, amma daga baya aka riƙa yi wa yarinya kallon mai kai gulma sama. Kuma don girman Allah kar ki kai masa maganar ƙarin girma ko canjin reshe. Ba huruminsa ba ne, zai dai tura ki inda kika baro.

Nas a Ingila: A asibitocin gwamnati na nan ma akwai su, sukan zagayo ɗakunan marasa lafiya. Kafin tamu ta zo na karanta takardun zaman hukumar asibitin, don ana wallafa su kowa ya gani. Na tarar ƙarancin ma'aikatan dare suka tattauna, sai na tafi da jadawalin aikinmu a hannu. Da ta tambaya, takarda na miƙa mata. Ta rubuta, ta kuma nemi kofi.

Malam Odita: Hajiya, ina tare da ke, sai dai wuri guda. Idan abin da 'Yar Fagge ta gani ya wuce ƙorafi, misali ana ba 'yan uwan manya bashi ba jingina, ko ana sabunta bashin da ya mutu don ya fito kamar mai rai a littafi, to shiru ba mutunci ba ne, dukiyar masu ajiya ce. Domin irin wannan aka ajiye daraktocin. Tun 2014 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar tona asirin ɓarna a bankuna, kundin shugabancin kamfanoni na 2018 ma ya tanadi haka. Amma 'Yar Fagge, ki fara sanin ko daraktan mai zaman kansa ne, ko wakilin wani babban mai jari. Rahoton shekara na bankinku ya bayyana matsayin kowane darakta. Ni sai da na duba wannan kafin na buɗe baki, kuma abin da idona ya gani kawai na faɗa, ban haɗa da ji-ta-ji-ta ba.

Baban Sadiq: Abu ɗaya na manta. Idan ya tambayi abin da ba ki da tabbacinsa, ki ce "Ranka ya daɗe, zan duba in aiko ta hannun sakatariya." Kar ki kintaci lamba, domin yana iya maimaita ta a gaban shugaban banki a zaman hukumar daraktoci. Kuma fayil ɗin kwastoma ba ya fita daga sashenku sai da izini, ko wa ya nema.