Jari, amana ko haƙuri: me ke tsayar da mutum a kasuwa?

Matashi daga Fagge:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu 'yan kasuwa. Yaron da ubangidansa ya sallame shi, zai tsaya da ƙafarsa, me ya fi buƙata? Kowa ka tambaya sai ya ce gaskiya da amana da haƙuri, to wannan tun a makarantar allo muka ji. A aikace muke so: me zai yi, me zai bari, kuma a ina aka fi faɗuwa?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. A Kantin Kwari ana iya ƙirga amanar mutum da turmi. Da yawa daga cikin masu tebur ba kuɗinsu ne ya cika teburin ba. Mai sito zai ba ka atamfa, a ce turmi 20, ranar Asabar, a kan ka kawo kuɗi ranar Alhamis. Ka kawo cif a ranar, mako mai zuwa ya ƙara maka. A hankali har ka kai ga ɗaukar dila guda ba ka ajiye ko sisi ba. Wannan shi ne jarin mafi yawan masu tasowa.

Abin da ke rushe shi ba rashin ciniki ba ne, don mai sito ya fi ka sanin kasuwa ta yi sanyi. Kashe waya ranar biya ne. In kuɗin bai cika ba, ka je da ƙafarka kafin ya aiko, ka miƙa abin da ya samu, ka nuna masa ragowar kayan a ƙirga. Wanda ya yi haka ana sake ba shi. Wanda ya ɓuya kwana uku, ko ya dawo da kuɗin a cike, an riga an rage masa matsayi, kuma maganar za ta zaga layin kafin la'asar.

Sai juya kuɗin mutane. Ka sayar da shaddar Alhaji wane, maimakon ka kai masa sai ka biya wani da ya fi matsa maka, ko ka saro wayoyi a Farm Centre wai kafin Alhamis ka juya. Sau ɗaya ko biyu za ta yi kyau. Ranar da wayoyin suka yi kwantai, mutum biyu za ka ba haƙuri. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, kuɗin da aka tura ta banki sai ya maƙale. Masu suna a layi sun ci gaba da ɗaukar kaya da baki kawai, wasu kuwa sai an ga shigowar kuɗi a waya kafin a bari ɗan dako ya ɗaga.

Mai hatsi, Dawanau:
Alhaji ya yi gaskiya, amma a wajenmu mai amanar da bai san hatsi ba shi ma karyewa yake. Haƙurin da ake faɗa, a hatsi yana nufin ka iya riƙe kaya daga kaka zuwa bazara, kayan ba su lalace ba, kai ma ba a tilasta maka sayarwa ba.

Farko bushewa. Masarar sabuwar kaka takan zo da danshi. Ka ciza ƙwaya: in ta fashe ƙas, ta bushe, in haƙori ya nutse, a mayar da ita shanya. In kana son tabbaci, zuba 'yar kaɗan a busasshiyar kwalba da cokalin busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka jira kaɗan. Gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai sauran ruwa. Ka jibge irin wannan a sito, za ta yi zafi ta yi fumfuna, nauyin ma ya ragu. Kuma kada ka yarda da bakin buhu. Sa a soka a tsakiya da ƙasa, don a nan ake cusa tsakuwa da dusa. Buhun da aka ce kwano 40 ne, zaɓi biyu ko uku a juye a auna a gabanka.

Wake ya fi komai saurin cin ƙwari. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe su ba tare da magani ba, saboda iska ce ke ƙare musu. Sharaɗin shi ne ka duba ledojin babu huji, ka matse iskar, ka ɗaure kowane ruɓi daban. Mutane kan haɗa ukun su ɗaure lokaci guda, daga baya su ce buhun bai yi ba. A ɗora a kan katako, a bar tazara da bango, a hana ɓera. Ƙwayar maganin hayaƙi da ake sa wa hatsi don kashe ƙwari kuwa, kada a sa ta a ɗakin da ke haɗe da inda ake kwana, tana kashe mutum.

Babban tarkon shi ne ajiya da kuɗin bashi. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya sauko. Wanda ya ajiye da kuɗinsa ya yi asara amma yana nan. Wanda ya ajiye da na mutane ya sayar ƙasa da yadda ya saya, ya kuma sayar da fili ya cika. Shi ya sa nake ba da shawarar kasa kaya uku: kashi ɗaya a sake shi da zarar riba ta fito ko kaɗan ce, a bi sauran a hankali.

Hajiya uwar adashe:
Ku maza kun tafi manyan kasuwanni. Mai awara da mai ɗan wake a cikin gida ba mai ba ta turmi 20. Jarinta daga adashe yake fitowa, kuma shi ma yana da ƙa'ida. Mutum 10, zubin 5,000 duk mako, ɗauka 50,000. Sabuwar shiga ƙarshe take ɗauka, ko 'yar wa ce, har sai an ga zubinta zagaye guda. Mai matsa wa a ba ta ɗaukar farko tun ba ta zauna ba, a kula da ita. Kuma a yanke zubin da riba za ta iya biya a makon da ciniki ya yi kasa. Wadda ta shiga adashe uku tana ɗaukar wannan ta zuba wancan, ba tara kuɗi take ba.

Inda mata suka fi cinye uwar kuɗi shi ne gwangwani ɗaya ga komai. A raba uku: uwar kuɗi, riba, cefane. Wajen lissafin riba a sa mai, itace ko gas, niƙa, leda, kuɗin mota, har da wanda yara suka ci da wanda aka miƙa wa maƙwabta. Da yawa in sun yi wannan lissafin sai su ga aikin banza suke. Ankon biki kuma daga riba, in babu a ba da haƙuri.

Malamin Islamiyya:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take: adadi, wa'adi, shaidu. Amma sai a ga rubutu kamar zargi ne, ana cewa "haba, tsakaninmu?" Rigingimun gado da yawa daga nan suke, mutum ya rasu da kayan mutane a shagonsa ba wanda ya san na wane ne. Littafi mai bango mai ƙarfi ya isa: kwanan wata, suna, kaya, kuɗi, ranar biya, sa hannu. A ɗauki hoton shafin da waya duk yamma.

Zakka ma tana tilasta lissafi. A mazhabar Malikiyya, mai juya kaya kullum yana ƙiyasta hajarsa sau ɗaya a shekara da farashin lokacin, ya haɗa da tsabar kuɗi, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin 40. Mai ajiya yana jiran farashi kuwa sai ya sayar yake fitarwa.

Nas, Zariya:
Ba wanda ya ambaci jiki. Hawan jini ba ya sallama, mutum na zaune a shago yana ganin lafiyarsa ƙalau. Ku riƙa aunawa, in ya yi ta kai 140 bisa 90 a ga likita, kuma ba a daina magani don an ji sauƙi. Sannan a samu mutum ɗaya da ya san makulli da littafi, wanda zai buɗe shago in an kwanta asibiti.

Ɗan Kwari:
Haka ne. A ƙara da cewa kada duk dukiya ta kwana wuri ɗaya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kwari ta 2022 sun ishe mu darasi. Kaya a kan kanta sama da ƙasa, wani kaso a wani siton, a kashe wuta daga babban makunni kafin a rufe.

Matashi daga Fagge:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, to in dangi ne suka zo neman kaya bashi, musamman gab da sallah?

Hajiya uwar adashe:
Ɗana, kayan da ke teburinka ba naka ba ne, ka faɗa musu haka ƙiri-ƙiri, ka ma nuna littafin. Ka ware wani abu daga ribarka tun farkon azumi. Wanda ya zo, ka ba shi daga ciki kyauta, yadi biyu ko abin da ya sawwaƙa, kada ka rubuta shi bashi don ba zai dawo ba. In kason ya ƙare, sai ka ce sai wani jiƙon. Gwaggon da ta dage sai turmi, ka raka ta wajen mai siton da kanka ta yi magana da shi.