"Deferred action": afuwa ce, sassauci ne, ko ɗaga ƙafa?

Jama'a, salamu alaikum. Masana harshe, ku kawo ɗauki.

Asabar ɗin da ta wuce aka tara mu 'yan sa-kai a ɗakin ƙasa na wani masallaci a Bronx da ke birnin New York, wata lauya tana koya mana yadda za mu taya yaranmu marasa takardu sabunta DACA (Deferred Action for Childhood Arrivals), wato shirin gwamnatin Amurka na waɗanda aka shigo da su ƙasar suna yara. Ni aka ɗora wa tafinta saboda iyaye. Komai na tafiya daidai har aka zo kan "deferred action", nan na ci birki.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne afuwa. Ina faɗa wani dattijo direban tasi ya ɗaga hannuwa sama: "Alhamdu lillahi, ashe an yafe wa yaran!" Jikina ya yi sanyi, don na san na yi ɓarna.

Babu wanda aka yafe wa komai. Obama ne ya sanar da shirin ranar 15 ga Yunin 2012, kuma ba doka ce da majalisa ta yi ba. Wanda aka shigo da shi Amurka kafin ya cika shekara 16, yake zaune a ƙasar tun watan Yunin 2007, ya yi karatu, ba shi da babban laifi, sai gwamnati ta jingine batun korarsa na shekara biyu, ta ba shi izinin aiki. Iyakarta ke nan. Ba katin zama na dindindin, ba hanyar zama ɗan ƙasa. Trump ya nemi soke shirin a 2017, Kotun Ƙoli ta ce a 2020 ba a bi ƙa'ida ba, a 2021 kuma wani alƙali a Texas ya hana amincewa da sababbin masu nema. Abin da ke reto haka a kira shi afuwa?

Wata 'yar'uwa ta ce sassauci. Yana da kyau, amma rigar ta yi masa yawa. Neman mafaka ma sassauci ne, duk wata hanyar kuɓuta daga kora sassauci ce. A bar shi ya zama sunan su duka.

Wani abokina Badamagare ya ce ɗaurin talala. Na yi dariya, daga baya na ga da gaskiyarsa: igiyar doguwa ce, akuya na kiwo, amma turken na nan, ko fita ƙasar sai da izini na musamman. Sai dai wa zai cika fom yana roƙon a ɗaure shi? "Jinkirta tasa ƙeya" kuwa Hausar rediyo ce, ma'ana ta fita, amma ba na iya kallon idon uwa ina ambaton ƙeyar ɗanta.

Ni dai na tsaya kan ɗaga ƙafa. Duk wanda aka taɓa bi bashi ya san ta. Mai kuɗi ya ɗaga maka ƙafa zuwa kaka: bashin na nan, lokaci aka ƙara maka, kuma wanda ya ɗaga ƙafar yana iya sauke ta. Ga shi tana shiga magana ba gargada: an ɗaga mata ƙafa shekara biyu, takardar ɗaga ƙafa, wa'adin ɗaga ƙafarsa ya kusa cika.

(Baƙin haure ma ina da ja a kai. Yaron da aka shigo da shi a goye katangar wa ya haura? A bar wannan sai wani jiƙon.)

Bayan La'asar na koma wurin dattijon, na ce Baba, ɗazu na yi kuskure, ƙafa aka ɗaga musu. Ya yi shiru, ya zaro hoton katin 'yarsa a waya, ya ce in duba masa ranar ƙarewa. Muka ƙirga tare, tunda ana son a aika fom ɗin sabuntawa, I-821D, saura kwana 120 zuwa 150 wa'adin ya cika.

Mako mai zuwa za mu buga takardar bayani. Mutanen Kumasi da Maraɗi, a wajenku ma ɗaga ƙafa wannan ma'anar take ba da wa?