Ilimi ne ko cinikin takarda?

Kawu: Salamu alaikum jama'a. Auta, fito, da kai nake. Jiya na shiga gida na tarar da kai da abu toshe a kunne, wai kana aji. Na tambayi Yaya, ta ce kwas kake yi a waya, na tattalin kuɗi, bayansa akwai na tarihin siyasa, har da na ɗaukar hoto. To ga maganata kowa ya ji: duk karatun da ake gamawa cikin sati biyu a waya, ba malami a gabanka, ba ilimi ba ne. Cinikin takarda ne. Shekara bakwai na yi a hannun maigidana a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kafin ya bar ni in kwance inji ni kaɗai.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu, ina wuni. Allah ya huci zuciyarka, ko sisi ban biya ba. Na kuɗin a Khan Academy yake, kyauta ne tun asalinsa. Na tarihin a edX, kallon darasi ba a biya, sai in takardar shaida kake so. Ni kuma ba takarda nake nema ba, balle a ce ciniki.

Hajiya: Data fa? Ruwan sama ne?

Auta: A makaranta nake saukewa, Hajiya.

Malama: Rabin maganar Kawu gaskiya ce. A 2019 wasu masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun duba kwasa-kwasan da jami'arsu da Harvard suka ɗora a edX, suka ga a shekarar ƙarshe da suka ƙirga, cikin mutum 100 da suka yi rajista ko 4 ba su kai ƙarshe ba. Ni kaina ina cikin sauran. Kwas uku na buɗe, ɗaya na gama. A aji idan yaro bai zo ba kwana biyu zan aika gidansu. Waya ba ta aike.

Tela: Ku bar ni in shaida, don ni abin ya ci. Bara wani yaro ya riƙa sa hotonsa jingine da mota, wai zai koyar da cinikin kuɗin waje cikin kwana goma. Na tura masa sidi 400 ta MoMo, asusun kuɗi na waya. Ya turo bidiyo shida, duk jan layi da koren layi suna hawa suna sauka. Rana ta bakwai ya ce a ƙaro kuɗi a shiga babban aji. Ta takwas lambar ta mutu. Kuɗin ɗinkin Sallah ne wallahi.

Auta: Yaya Tela, wannan ai ɗan damfara ka haɗu da shi. Kuma abin da na fara koya ke nan: a mayar da alkawarin riba zuwa lissafin shekara. Ku tuna Menzgold, kamfanin nan na cinikin zinariya. Kashi 7 zuwa 10 a wata suke alkawari. Kashi 10 a wata kashi 120 ne a shekara, ko ba a juya ribar ba. Wace sana'a ce a kasuwar Kejetia take ba da haka? Da hukumar kula da hannun jari ta dakatar da su a Satumban 2018, har masu digiri kuka suka yi. Lissafin minti biyu ne, kuma ba a koya mana shi a sakandare ba.

Kawu: To malamin naka na waya me ya ce shi ne wuri mafi aminci na ajiye kuɗi?

Auta: Takardun bashin gwamnati.

Kawu: Madalla. Gwamnatin wa? Disamban 2022 gwamnatinmu ta ce ba za ta iya biya yadda ta yi alkawari ba, a kawo tsofaffin takardu a karɓi sababbi masu dogon wa'adi. Tsofaffi 'yan fansho suka je suka tsaya bakin Ma'aikatar Kuɗi a Accra riƙe da kwalaye, har da tsohuwar babbar mai shari'a Sophia Akuffo. Bature na zaune a Amurka yana magana da dala, kai kana Aboabo kana rubutawa a littafi.

Auta: Nan kam ka kama ni, Kawu. Sai dai gajerun takardun baitulmali, irin na kwana 91, ba su shiga wancan shirin ba. Kuma gaskiya ne kusan rabin darasin na tsallake, don zancen asusun ritayar Amurka ne da makin cin bashi, abin da bai shafe mu ba. Amma hauhawar farashi ba ta san Bature ba. A watan nan da ka ambata ta kai kashi 54. Wanda ya ɓoye sidi 1,000 a ƙasan katifa shekara guda, kayan kusan 650 zai saya da su.

Hajiya: Ni ban ɓoye a katifa ba, atamfa na saya na jibge. Ba wanda ya koya min a waya. Tun 2007 da aka yanke sifili huɗu a kuɗin nan na san sidi ba abokin ajiya ba ne.

Auta: Hajiya, in ce wani abu kan susu ba za ki yi fushi ba?

Hajiya: Faɗi, ɗana.

Auta: Mai susu yana zagayowa kullum, ƙarshen wata ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Ɗaya cikin 31, sama da kashi 3 ke nan kowane wata. Ke kike biya don a riƙe miki kuɗinki.

Hajiya: Na sani sarai, tun ba a haife ka ba. Kana tsammani ajiya nake saya? Uzuri nake saya. In kuɗin na cikin lalitata, kafin azahar an zo da sanarwar suna, da la'asar ƙanin maigida ya zo da takardar asibiti, ga anko. In yana hannun mai susu sai in ce wallahi babu a hannuna, kuma ban yi ƙarya ba. Wane darasi ne ya sa dangi cikin kasafi? Sun ce a raba albashi kashi 50, 30, 20, jikata ta karanta min. Na ce ina kason gaisuwar mutuwa? Ina zakka? Kuma duk lissafinsu kan kuɗin ruwa yake tafiya, ko sau ɗaya ba su tsaya sun ce akwai waɗanda addininsu ya hana ba.

Malama: Hajiya ta gama magana a nan. Ni tarihin nake son ji. Auta, me aka ce game da Ghana?

Auta: Nkrumah, 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, taron ƙasashen Afirka a Accra a 1958, madatsar Akosombo, juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Minti goma sha biyu, aka wuce Kongo.

Jika: Salamu alaikum, Baba na kusa da ni ina karanta masa, ya ce in rubuta. Ya ce a tambayi yaron nan ko an faɗa masa abin da ya faru a 1969.

Auta: Ba a faɗa ba, Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Jika: Ya ce to ba a faɗa maka komai ba. Nuwamban shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasa. Ya ce yana saurayi lokacin. Maƙwabcinsu Bayerabe, wanda aka haifa a layin, bai taɓa ganin Ogbomosho ba, ya sayar da keken ɗinkinsa a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Tashar mota ta cika da mata zaune kan ƙunshin kaya kwana da kwanaki. Mahaifin Baba ya daina fita kasuwar goro wata guda, ba don baƙo ne ba, don dai doguwar riga da hula sun isa a tare mutum a tambaye shi takarda. Ya ce mukullin ɗakin maƙwabcin ya shekara ashirin rataye a bangonsu, ba wanda ya dawo karɓa.

Kawu: Ka ji ilimi. Wannan ba ya cikin waya.

Auta: Ba ya ciki, na yarda. Amma ku ji abin da kwas ɗin ya yi min. Kowane darasi sai malamin ya ce: wa ya ba da labarin nan, yaushe, me ya bari bai faɗa ba? Da wannan na shiga laburaren jami'ar KNUST ina neman tarihin Zango. Kawu, ka san an kori mutanenmu tun kafin Busia?

Kawu: Wa ya kore su?

Auta: Gwamnatin Nkrumah, a 1957, shekarar 'yancin kanta. Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan Zangon Kumasi, 'yan jam'iyyar Muslim Association Party da ke adawa da CPP, jam'iyyar Nkrumah. Suka kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne. Ana cikin shari'ar majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, aka tasa ƙeyarsu Najeriya. A shekarar kuma aka yi dokar hana jam'iyyun addini, ƙabila da yanki, jam'iyyar ta narke cikin United Party. Mu kuwa a gida Busia kaɗai ake kira idan ana zancen kora.

Tela: To fa. Yaro ya taɓo inda ake gudu.

Kawu: Korar mutum biyu da korar dubban mutane ɗaya ne? Kada ka kawo min siyasa.

Auta: Ban ce ɗaya ba ne. Na ce duka biyun sun faru.

Malama: Kuma kafin mu yi ta nuna yatsa, a 1983 gwamnatin Shagari ta koro 'yan Ghana kusan miliyan guda daga Najeriya. Jakar nan da muke zuba kayan biki a ciki daga nan ta samo sunanta na Ghana Must Go. Wanda ya sako jam'iyyar NDC ko NPP cikin maganar nan zan goge.

Jika: Baba ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne, ya san zancen Alhaji Amadu Baba, a gidansu ma an kasu biyu a kai, wan mahaifinsa ɗan CPP ne na a-mutu. Ya ce ba a tambaye shi ba ne shi ya sa bai taɓa faɗa ba.

Hajiya: Ikon Allah. Shekara talatin ina kai masa koko.

Kawu: Duk da haka ina nan kan bakana. Laburare ya ba shi, tsoho ya tabbatar. Wayar me ta yi, ban da nuna hanya? Ɗan kamasho a tasha ma yana nuna hanya, ba a ce masa direba.

Malama: Yaya, ba don ɗan kamasho ba, da mutane da yawa sun shiga motar Tamale suna neman Takoradi.

Tela: Na ɗaukar hoton fa? Ba wanda ya tanka. Ni shi ne ma na ga amfaninsa. Auta ya zo shago ya ce in daina ɗaukar kaftani ƙarƙashin farin kwan fitila, in rataye shi bakin ƙofa da hantsi, in goge idon kyamara da gefen riga. Shuɗin shadda ya fito shuɗi, ba toka-toka ba. Wata mata daga Asawase ta gani ta kawo ɗinki uku.

Kawu: Wannan ai dabara ce. Ko ni zan iya gaya maka.

Tela: Amma ba ka gaya min ba, Maigida.

Auta: Baba, in zo Asabar bayan la'asar in ɗauki muryarka? Daga kasuwar Salaga da fataken goro har zuwa 1969. Sai in yanka gajere-gajere, yaran Zango su saurara.

Jika: Ya ce ka zo, ka taho da goro fari. Amma ya ce ba za a ɗauka ba. Akwai sunayen waɗanda suka sayi kayan mutane da arha a lokacin, jikokinsu suna layin nan, wasu ma muna sahu ɗaya da su a masallaci. Mai son ji ya zo ya zauna.

Auta: Ko da an cire sunayen?

Jika: Ya tashi alwala. Ya ce a bar wayar a waje tare da takalmi.

Tela: Ni ma zan zo. Auta, in an tashi ka duba min lambar ɗan damfarar nan, ko akwai inda ake kai ƙara.