Tattaki a bakin ruwa wajen Tiga da Kadawa: abin da mutane suka ce

Da aka tambayi mutane inda ya dace a yi tattaki a bakin ruwa, yawanci dai bakinsu ya zo ɗaya: wanda ke son tafiyar ƙafa mara wahala kusa da Kano ya bi gefen kanal ɗin ban ruwa da ya taso daga dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974, ya bi ta Kadawa da Kura. Hanyar a shimfiɗe take ba hawa ba gangara, da rani ga tumatir da alkama kore shar, ga balbelu suna bin masu ban ruwa.

Lokaci kuma sun ce da hunturu, a fita bayan asuba a dawo kafin rana ta take, a riƙe ruwan sha a gora.

Inda aka fi jan kunne shi ne ruwan kansa, kar a tsoma ƙafa ko a bar yara su yi wanka saboda tsargiya, kuma simintin gefen kanal santsi gare shi ruwan yana da ja sosai, ni ma nan na fi yarda da su gaskiya. Ka yi wa manoma sallama, kar ka ratsa gonar mutum. Masu son inuwa sun ambaci tafkin Bagauda. Dajin Falgore kuwa an ce sai da ɗan gari, a fara tambayar lafiyar hanya tukuna.