Tambaya: zan kai iyali bakin teku a Badagry, me ya kamata in sani?

Ɗan Ƙofar Soro:

Assalamu alaikum jama'a. Daga Katsina nake. Ina da hidimar kasuwa a Legas cikin watan Nuwamba in Allah ya kai mu, kuma ina so in tafi da uwargida da yara uku, babban shekararsa 12, ƙaramar 5. Ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. An ba ni shawarar Badagry, wai ga tsohon gari mai tarihi, ga bakin teku na kowa da kowa, ba irin na Lekki mai tsada ba. Masu sani ku taimaka mani: ta ina ake bi, wane bakin tekun ya fi dacewa da iyali, kuma yara za su iya shiga ruwan? Babban ya iya iyo, a dam ya koya.

Mai Goro Daura:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka zaɓi lokaci mai kyau. Ruwan sama a Legas ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, kuma a watannin damina teku ta fi hauka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa. Ka dai kauce wa ranar Kirsimeti da kashegarinta da 1 ga Janairu, don ranakun nan ba masaka tsinke. In da hali ma ka je tsakiyar mako. Asabar da Lahadi akwai kiɗa mai ƙarfi da masu shaye-shaye, ba abin da za ka so iyali su zauna a ciki ba.

Hanya ɗaya ce babba. Daga ko'ina kake a Legas ka nufi Mile 2, nan babban titin Badagry ya miƙe yamma: Festac, Trade Fair, Ojo inda jami'ar jihar take, Okokomaiko, Agbara, sai shataletalen Badagry. Tafiyar ba ta wuce kilomita 60 da 'yan kai ba, amma kada ka auna ta da kilomita, auna ta da cunkoso. Wanda ya bar Mile 2 bayan sallar asuba zai iya isa cikin sa'a biyu. Wanda ya tsaya karyawa har takwas zai iya cinye rabin yini a mota. In kana cikin tsibirin Legas, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2023 yana ɗauka daga Marina zuwa Mile 2, da katin Cowry ake biya. Da yara uku shawarata ka ɗauki shatar mota, ku yi tsada ta zuwa da dawowa tun kafin a tashi, ku faɗi har da jira.

Abu na biyu, takardun shaida. Badagry kusa take da Seme, kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 20, saboda haka titin cike yake da shingayen kwastan da 'yan sanda da jami'an shige da fice, musamman wajen Agbara da Gbaji. Kai da Hajiya kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu, ba a cikin jaka a but ba. Yara a ɗauko kwafin takardar haihuwarsu. Mutumin Arewa ana yawan tambayarsa ko daga Nijar yake. Kati ne ke kashe maganar cikin minti ɗaya. In an tsayar da ku ka amsa a taƙaice, kada a ɗauki hoton shinge. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don kuɗin shiga da na kwalekwale da na ɗan jagora duk hannu da hannu ne, kuma sabis yakan ɗauke a bakin ruwa.

Ka kwana a garin dare ɗaya. Zuwa da dawowa rana guda da yara wahala ce zalla, ga shi komawa Legas da dare a kan wannan titin ba abin so ba ne.

Malamin Tarihi KT:

Ɗan'uwa, akwai abin da baƙi da yawa ba su gane ba sai sun isa: shi garin Badagry ba a kan teku yake zaune ba. A bakin wani dogon ruwa mai kwanciya yake, sai ka haye shi, ka ratsa tudun yashi da gonakin kwakwa, sannan ka ga tekun Atlantika. Don haka wuraren biyu ne, kuma kowane da amfaninsa.

Na farko Gberefu. Daga titin Marina na tsohon gari za ku hau kwalekwale mai inji, 'yan mintoci kaɗan kun haye, sai tafiyar ƙasa a cikin yashi, da yara ka ƙiyasta rabin sa'a. Ita ce hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa, ƙarshenta ake ce wa Point of No Return, wato wurin da in an kai ba dawowa. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da 'yan jagora ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Wurin na tsayawa a yi shiru ne, a yi wa yara bayani, ba na shimfiɗa tabarma a yini ba, don inuwa kaɗan ce kuma ba abin sayarwa sosai. Na biyu shi ne Suntan, kan hanyar Seme bayan an wuce shataletale. Can mota ke kai ka har ƙofa, a biya kuɗin shiga, akwai rumfunan ganyen kwakwa na haya da masu doki da masu gasa kifi. Nan ne wurin zaman iyali.

Tsarin da ya fi: ranar da kuka isa, ku yi tsohon gari da Gberefu da yamma-yamma, amma ku haye ku dawo kafin magariba. Kashegari da sassafe Suntan, ku bar shi kafin rana ta take.

A cikin gari kusan komai yana kan Marina ko kusa da ita, da ƙafa ma za a zaga. Akwai gidan tarihin Badagry a ginin 1863 da ya zama ofishin Di'o. Akwai gidan Mobee inda sarƙoƙin wuya da na ƙafa suke, har a ba ka ka ɗaga ka ji nauyinsu a hannu. Wanda ya ɗaga na wuyan nan ba ya bukatar dogon bayani. Sai gidan Seriki Williams Abass, wanda ya kamata a daɗe a ciki: shi kansa bawa ne aka sayar, ya dawo ya zama babban dillalin bayi, ya zama jagoran Musulmin garin, ya rasu 1919. Za a nuna maku ɗakunan da ake tsare mutane, ƙanana ƙwarai, iska sai ta wata 'yar kafa a sama. Kada a ɓoye wa yaro mai shekara 12 cewa Musulmi ne mai gidan. Gara ya ji daga bakin ubansa, ya kuma ji cewa cikin waɗanda aka tura ta gaɓar nan har da Hausawa, waɗanda wasunsu suka ƙare a Bahia ta ƙasar Brazil.

Za kuma a kai ku wani bene na 'yan mishan da aka gama a 1845, a ce maku shi ne bene na farko a Najeriya. Ku shiga ku gani, yana da kyau a sani, amma mutumin da ya tashi yana kallon hasumiyar Gobarau ta Katsina ya san an daɗe da yin gini mai hawa a ƙasar nan kafin wannan. Abin da ya fi daidai shi ne na farko a irin ginin Turawa. Wani abin da ya shafe mu: daga Badagry ne Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya kama hanya a ƙarshen 1825 yana neman Sakkwato, inda ya rasu a 1827.

Ɗan jagora ku yi ciniki da shi kafin ya buɗe baki, a ƙayyade wurare nawa, kuɗin ya haɗa da na shiga ko bai haɗa ba. Rigimar da ake yi kusan duk daga nan take.

Uwar Biyu:

Yayana, maganar da ta tsaya mani a rai ita ce ka ce babban ya iya iyo a dam. Don Allah ka cire wannan daga lissafi. Yaron da ya san bai iya ba yana tsoron ruwa. Wanda ya saba da dam ɗin Ajiwa ko na Zobe shi ne zai faɗa da ƙarfin gwiwa, kuma tekun Badagry ba ta da alaƙa da ruwan dam sai suna.

Ga dalili. Gaɓar nan a tsaye take, taku kaɗan zurfi ya canza daga gwiwa zuwa ƙirji. Igiya tana zuwa ta fashe a kan yashi da ƙarfi, sannan ruwan ya koma da gudu yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum yana tsaye sai ya ji dugadugansa suna nutsewa, kafin ya gyara tsayuwa ta biyu ta iso ta kayar da shi. Kuma igiyoyin ba girmansu ɗaya ba: ƙanana za su yi ta zuwa har hankali ya kwanta, sai manya biyu ko uku su biyo a jere su hau wurin da ɗazu yake busasshe. Shi ya sa ba a juya wa teku baya, ko don ɗaukar hoto.

Mafi haɗari shi ne inda ruwan da ya taru a gaɓa ya sami hanya ɗaya yana komawa ciki. A ido wurin ya fi ko'ina kwanciya, ba farin kumfa, launinsa ya fi duhu ko ya yi gurɓi-gurɓi da yashi, kumfa da tarkace suna tafiya can ciki maimakon su zo gaɓa. Baƙo shi yake zaɓa don yana ganin ya fi lafiya. Gudunsa yana iya kai mita 2 a daƙiƙa, ya fi ƙarfin gwanin iyo. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake fita da shi. Abin da ke kashewa shi ne kokawar komawa gaɓa kai tsaye har ƙarfi ya ƙare. In ya ɗauki mutum, ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya yana kira, in ya iya iyo ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu. Na kan tudu kada ya bi shi a guje. Sau da yawa mai ceto ne ake rasawa. A jefa mashi abin da ke yawo a ruwa, jarka mai murfi ko kula, a kira masunta, a buga lambar gaggawa 112 ko 767. Kada ku sa rai da cewa akwai masu ceto a tsaye.

Iyakata ga yaranka idon sawu, hannunsu cikin hannun babba, babba ɗaya yaro ɗaya, sauran biyun suna rumfa. Ƙaramar ma ta tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Hajiya kuma ta kula: dogon hijabi da zane in suka jiƙe suna nauyi su naɗe ƙafa. Ta sa wando a ciki da hijabi iya ƙugu in za ta taka ruwan, kai ma ka aje jallabiya.

In Allah ya kiyaye aka fito da wani ba ya numfashi, a kwantar da shi a kan yashi mai tauri, a ɗaga haɓa, a hura mashi iska a baki sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji 30, huri 2, a yi ta maimaitawa. Ba a danna ciki don fitar da ruwa, ba a juya yaro kai ƙasa. Amai kawai hakan ke jawowa ya toshe hanyar iska. Ko ya farfaɗo, in yana tari ko numfashi sama-sama, a wuce babban asibitin garin.

Kwalekwalen Gberefu kuwa, ba rigar ceto ba hawa. Doka ce a jihar Legas. A duba ta yara ta ɗaure daidai, in ka ja ta sama kada ta wuce kunnuwa.

Ɗan Ƙofar Soro:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, na ji kuma zan kiyaye. Saura sallah da abinci. Ruwan gishiri yana alwala?

Alaramma Na Kusugu:

Yana yi, Malam. An tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da teku, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Sai dai ka ɗebo a buta ka koma tudu, kada ka tsuguna a bakin igiya. Wajen kurkure baki da shaƙa a yi a hankali don yana da zafi a hanci. Alƙibla: teku tana kudu, to ka ba ta baya ka kalli tudu, sannan ka karkata dama sosai, tsakanin gabas da arewa maso gabas. Azahar ta can tana bayan ta Katsina da kusan minti 20 saboda sun fi mu yamma, kada ka bi agogon masallacin unguwarku. In ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba, ƙasaru za ka yi. Masallatai akwai a cikin gari, da 'yan'uwa Hausawa a kasuwa da wajen tasha.

Abinci ku tsaya kan kifi, a gasa a gabanku; a duba ƙasan kunnensa ja ne, idonsa bai dushe ba. Nama sai wurin mahaucin da ka tabbatar. Kwakwa ɗanya tana da araha, Badagry gidanta ne, a fasa a gabanku yara su sha. Ruwan sha ku taho da shi, aƙalla lita 2 kowane mutum, don zafin can na gumi ne, jiki yana zubar da ruwa ba ka sani ba. Ku ƙara jarka ɗaya ta ruwan daɗi don ɗauraye yara, gishiri da yashi in suka bushe a matsematsi suna sa kurji. Waya a ƙulle ta a leda. Takalmi kada a cire a hanyar Gberefu, yashin rana yana ƙona tafin yaro. Da dare kuma sauro ya fi na gida yawa saboda ruwan da ya kewaye garin, a duba ɗakin yana da raga a taga kafin a biya.